Yadda Maigidana Ya Koya wa Batir Faɗin Gaskiya

Maigidana fenti yake sayarwa. Na fara da wannan ne don kada wani ya ji ana kiransa Injiniya a layinmu ya ɗauka akwai wata takarda a ƙasa. Babu. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya kwance fankar falonmu ya mayar, aka ga ragowar kusoshi a tafin hannunsa, ya ce dama kamfanin ne ya yi almubazzaranci. Fankar tana juyawa har yau, sai dai sama take hura iskar. Rufin ɗaki yana shan sanyi, mu muna ƙasa muna fifita da kwali.

Ƙanwata, autarmu, a wurinmu take zaune tun da ta gama karatun aikin jinya. Ta daɗe tana neman aiki, ta shiga ofis ta fita har masu gadi sun san ta. Ana nan sai wani babban asibiti a wani gari ya kira ta intabiyu, ta kwamfuta, su gan ta ta gan su. Saƙon bai ɓoye komai ba: masu nema suna da yawa, kowa da lokacinsa, wanda layinsa ya yanke za a wuce zuwa na gaba, ba a jira kuma ba a sakewa. Innarmu tana can gida tana kira safe da yamma, tambayarta ɗaya, ko an yi.

Kwamfutar Auta tsohuwa ce amma tana aiki. Aibinta ɗaya, batirinta maƙaryaci ne. Zai nuna maka kashi arba'in, ka gyara zama, sai ta ɗauke ɗif. Wata rana kuma ta zauna a kashi goma har ka gaji ka kashe ta da kanka. Auta ta riga ta yi dabararta: ranar intabiyu za ta bar caja a jone daga farko har ƙarshe, mai askin da ke jikin gidanmu kuma ya yarda zai ja mata waya daga janaretansa idan an ɗauke wuta. Magana ta ƙare ke nan, da maigidana bai ji ba.

"Ina cikin gidan nan da raina za a je roƙon wuta wurin mai aski?" in ji shi.

"Yaya, ai ya riga ya yarda," in ji Auta.

"Batirin nan lafiyarsa ƙalau. Lissafi ne ya ɓace masa. Bai san inda cikinsa ya fara ba, bai san inda ya ƙare ba. Kalibireshan yake so."

Na ce, "Mene ne kuma haka?"

"Ba za ki gane ba."

"Kai ka gane?"

Ya ce ya gani a bidiyo a wayarsa. Na tambaye shi ko ya kalla har ƙarshe. Ya ce datarsa ta ƙare a tsakiya, amma sauran rabin ai godiya ce kawai da roƙon a bi shafi. Abin da ya samo dai guda biyu ne. Na farko, a bar batir ya zube har kwamfuta ta mutu da kanta. Na biyu, a cika shi har ɗari ba tare da an katse ba. Da an yi haka, in ji shi, batir zai san iyakarsa ya daina ƙarya.

Auta mai kunya ce, kuma a gidansa take ci take kwana. Ta miƙa masa kwamfutar da hannu biyu, ta dube ni. Ni kuma na dubi fanka.

Da safe bai buɗe shagon fenti ba. Ya fito da teburinmu ƙofar gida, ya ɗora kwamfutar, ya naɗe caja ya cusa a aljihu, ya kira mai aski da tela su zo su shaida. Telan nan shagonsa yana kallon ƙofarmu, kuma tunda muka tare a layin ban taɓa jin ya bar wata magana ta wuce shi ba.

"Ku zuba ido," in ji maigidana. "Tana kai arba'in za ta faɗi. Na san halinta."

Ta kai arba'in, ta wuce. Ta sauka talatin, ta sauka ashirin, ta gangaro har kashi shida. A nan ta tsaya, ko gezau.

"Injiniya," in ji tela, "ko dai ta ji abin da ka ce ne?"

"Taurin kai ne. Ni kuwa na fi ta."

Ya ƙure hasken fuskarta. Ya sa wani tsohon fim na faɗa, ya ƙure murya. Shida. Ya buɗe duk abin da yake buɗuwa a cikinta, har da hotunan bikin kammala karatun Auta, layi ya sha kallo. Shida. Daga nan ya tsaya a tsakiyar titi ya ba da sanarwa cewa duk mai son cajin waya kyauta ya kawo, a tsotse batirin ta kowace kafa. Kafin rana ta take, matan layi sun aiko da wayoyi, wani ya kawo fitila mai caji, wani ya kawo ƙaramar fanka. Kwamfutar tana kwance a tebur kowa yana maƙale da ita kamar akuya mai shayarwa. Wayoyi suna cika ana kwashewa, ita tana nan a shida.

Masu wucewa suka fara tsayawa suna gaisuwa. "Injiniya, ya mai jiki?"

Tela yake amsawa. "Da sauƙi. Abin da ya dame mu ke nan."

Wani mutum ya biyo shi har gida yana neman fenti bokiti uku. Maigidana ya ce masa ya dawo bayan rasuwa. Mutumin ya yi masa ta'aziyya ya tafi shagon gaba.

Wajen la'asar cikinsa ya matsa masa. Ya daure, ya daure, ya kasa, ya ruga bayan gida. Yana fitowa ya tarar fuskar kwamfutar ta yi baƙi, 'yan kallo suna watsewa suna mitar an yanke musu fim a wurin da ya fi daɗi.

"A nawa ta mutu?"

"Shida," in ji mai aski.

"Ni biyar na gani," in ji tela.

"To ba a yi ba. Aikin da babu shaida ba aiki ba ne. Sai an sake."

Auta ta fito ta tsaya a bakin ƙofa. "Yaya, duk abin da nake bita yana cikinta."

"Ki yi bitar a kanki. Ai kan za su tambaya, ba kwamfuta ba."

Aka cika ta, aka sake zubarwa. Wannan karon ya ƙi cin abinci ya ƙi shan ruwa don kada wani uzuri ya tashe shi, har ta mutu a gaban idonsa a kashi goma sha ɗaya. Tela ya tambaye shi me ya sa jiya shida yau sha ɗaya. Ya ce alamar ta fara jin magana ke nan.

Sai aka zo kan cikawa, wadda ba a katsewa. Ya naɗe caja da soket da salatif. Ya kashe firji, wai kada ya raba wa batir hankali. Ya hana ni guga. Ya ɗauko kujera ya zauna a gabanta yana karanta mana lamba duk lokacin da ta canja, ko muna ɗaki ko muna kicin. Yana cewa casa'in da huɗu aka ɗauke wuta.

Can ya ce, "A sake."

"A ci gaba daga nan in an kawo mana," in ji ni.

"Uwargida, in kina shafa fenti aka tsaya a tsakiyar bango, ana ganin layi ko ba a gani?"

"Batir bango ne?"

"Kin ga shi ya sa na ce ba za ki gane ba."

Teburi ya sake fita ƙofar gida. Yanzu ma ba sai ya yi sanarwa ba, da an hango shi da kwamfuta sai a fara aiko da wayoyi. Wata maƙwabciya ta tare ni tana tambaya ko gobe ma za a yi, don tana da baƙi.

Da ta sake mutuwa, mutumin da ya ce ba za a roƙi wuta wurin mai aski ba ya ɗauki kwamfuta ya shiga shagon mai aski. Ya ce ba roƙo ba ne, haɗin gwiwa ne. Soket ɗaya ne a shagon da ba a amfani da shi, ya jona, ya zauna a bencin masu jira. Komai yana tafiya daidai har injin askin ya mutu a kan wani ƙaton direba, an kwashe masa gefe ɗaya an bar gefe ɗaya. Mai aski ya miƙa hannu zai cire caja ya jona injinsa. Maigidana ya riƙe masa hannu.

"Kashi goma sha biyu ya rage."

"Ni ma rabi ya rage," in ji direban.

"Malam, gashi yana jira. Batir ba ya jira."

"Fasinjoji suna cikin mota."

"Ka sa hula."

Direban ya miƙe tsaye. Ban san iyakar tsawonsa ba, amma mai aski ya ce sai da ya sunkuya saboda fanka. Maigidana ya cire cajar da hannunsa, ya ce dama yana shirin cirewa.

Ya dawo gida ya ce a sake.

A wannan zagayen ne na lura kwamfutar ta daina zama daidai a tebur. In ka taɓa gefe ɗaya sai ɗaya gefen ya ɗaga. Na juya ta, na ga cikinta ya kumbura, ga zafi kamar an sauke ta daga murhu. Na nuna masa.

"Wannan ai ƙoshi ne," in ji shi. "Batirin da ya fara cika dole ya yi tumbi." Ya yago kwalin da ake nuna kalolin fenti, ya ninke, ya tokare ta da shi.

Raina ya ɓaci, kuma na faɗa masa. Na ce yarinyar nan ba ta da wata dama sai wannan, ta rame, ba ta barci, tana bita da 'yan takardun da ta tsinto a akwati saboda ya riƙe mata kwamfuta. Na ce ya mayar mata da abinta haka nan.

Ya dube ni da tausayi. "Saboda ita nake yi. Kina so a tsakiyar magana batir ya yi mata ƙarya a gaban manyan mutane?"

Ranar intabiyu ta zo, babu wuta tun jiya, kwamfuta kuma tana kwance a mace, don zubarwar ƙarshe ta kammala. Mai aski ya tayar da janareta, ya ja doguwar waya daga shagonsa, ta biyo jikin bango, aka haɗa ta da tamu a ƙofar gida, aka ɗora mahaɗin a kan bulo, tamu ta shiga falo ta taga. Aka jona caja. Kwamfutar ta farka a kashi biyu. Na zuba wa maigidana shayi, kafin ya kai rabin kofi ya miƙe tsaye.

"Ɗari."

Na leƙa. Ɗari ne kuwa.

"Daga biyu zuwa ɗari kafin shayi ya huce?" in ji ni.

"Da can kasala ce take damunsa. Yanzu ya san aikinsa." Ya miƙa hannu wajen caja. "Bari a gwada."

Auta ta dafe wayar. Ban taɓa ganin ta hana shi wani abu ba sai ranar. "Yaya, na gode da wahala. Amma don Allah kada a taɓa wayar nan sai na gama."

"Gwajin fa?"

"In na gama ka gwada har gobe."

"Ni yaro ne da za a yi ta nanata mini?"

Na tura shi waje na ce ya zauna a benci. Labari ya riga ya zaga, mutanen da suka ci cajin kyauta duk sun fito, sun yi cirko-cirko a ƙofar gida suna magana ƙasa-ƙasa. Tela ya bar kekensa ya tsallako. Ni na tsaya a bakin ƙofar falo riƙe da labule, kunne ɗaya a ciki ɗaya a waje.

Mutum uku ne suka bayyana a fuskar kwamfutar, maza biyu da wata dattijuwa mai tabarau. Auta ta yi sallama a ɗarare, amma a tambaya ta biyu ta ware. Na san ƙanwata, in ta fara motsa hannu tana magana to ta samu hanya. Suka tambaye ta abin da za ta yi idan majinyaci ya suma a hannunta babu likita kusa. Ta jero musu tiryan-tiryan. Dattijuwar tana gyaɗa kai tana rubutu. Ɗaya daga cikin mazan ya tambaye ta ko za ta iya tasowa ta zauna a garinsu. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla.

A waje kuma maigidana yana bayani. Ina jin sa yana cewa mutane suna zubar da batir mai kyau saboda jahilci, shi kuwa ga shi ya tayar da matacce ya kai shi ɗari.

"Ɗarin wa?" in ji tela.

"Kamar yaya ɗarin wa?"

"Ni dai na ga waya ta fito daga shagon mai aski. Ɗarin nan ta janareta ce. Ko tukunya ka jona wa janareta za ta nuna ɗari."

Aka yi 'yar dariya, irin wadda ake toshe baki.

"Batirin ne yake riƙe da ita," in ji maigidana. "Wayar nan ado ce kawai."

"To."

"Na ce maka ado ce."

"Ai ban musa ba. Na ce to."

Da tela ya yi gardama, da an tsira. Wannan "to" ɗin ne maigidana ba ya iya haɗiyewa. Na ga ya tashi daga benci ya nufi bulo. Ba ni da halin ɗaga murya, mutanen asibiti za su ji. Na saki labule na ɗaga masa hannu biyu ina girgizawa. Ya ɗago mini hannu shi ma, har da murmushi. Mai aski ya taso da almakashi a hannu yana cewa, "Injiniya, bari mana," amma tazarar ta yi yawa.

Ya sunkuya ya raba mahaɗin. Ya miƙe ya ɗaga kan wayar sama yadda kowa zai gani.

"Ga wayarku. Tana can tana aiki da ƙarfinta. Za ta kai yamma a haka, in ta so ta kwana. Wannan shi ake kira kalibireshan. Wanda yake da kwamfuta a gida ya kawo, na layi ba zan karɓi komai ba."

A ciki Auta tana cewa, "Zan iya fara aiki ko da," sai ta tsaya. Fuskar kwamfutar ta yi baƙi, babu gargaɗi babu sallama. Ta danna maɓalli. Ta sake dannawa. Ta bi caja da ido har taga.

Na fita. Yana nan hannu a sama yana amsa tambayar wani game da batirin mota. Na karɓe wayar daga hannunsa na mayar. Abin da yake bakina ba na gaban maƙwabta ba ne.

Kwamfutar ta ɗauki lokacinta. Ta kunna, ta yi tunani, ta ce ba a kashe ta yadda ya kamata ba, za ta duba kanta tukuna. Auta ta gwada shiga da wayar hannu, aka ce ta jira a ba ta izini. Ta jira. Da kwamfutar ta gama duba kanta ta buɗe, saƙo yana nan yana jira, gajere, mai ladabi. Sun gode da lokacinta, sun wuce zuwa mai nema na gaba, suna yi mata fatan alheri.

Ta rufe kwamfutar ta fito ƙofar gida, har yanzu da farar rigar da ta goge tun jiya a shagon tela. Mutane suka buɗa mata hanya duk da ba ta nufi ko'ina ba. Ta gode wa mai aski, ta ce ya iya kashe janareta, kada mai ya ƙone a banza.

Maigidana ya gyara murya. "Auta."

"Na'am, Yaya."

"Lokacin da ta ɗauke, kashi nawa take nunawa?"

Ta dube shi. "Ɗari."

Ya juya wajen tela. "Ka ji ko?"

Tela ya sunkuyar da kai ya tsallaka titi ya koma kan kekensa, bai taka ba. Sauran suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Mai aski ya kashe janareta ya fara naɗe wayarsa a gwiwar hannu, layin ya yi tsit.

A cikin shirun ne wayar Auta ta yi ƙara. Ta duba, ta shige ɗaki ta tura ƙofa, amma ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, kuma muna tsaye a wurin mu biyu, ni da shi.

"Inna, ina wuni," muka ji ta ce. "E, an yi. A'a, Inna, na amsa duka. Wallahi na amsa daidai."